Iccen da Iska ta Kayar, Kada Mu Ƙone Shi Duka



Yau ina so mu yi magana bisa wani abu da kowa ya taɓa gani. Hadari ya taso da dare, iska ta yi ƙarfi. An tashi da safe, sai ga babban icce kwance, saiwoyinsa a sama. Kafin hantsi yara sun zo da adda, mata sun zo da igiya, maza sun zo da gatari. Cikin sati biyu rassa sun ƙare. Gungumen kuwa ya fi ƙarfin gatari. Wani lokaci a riƙa ɓantararsa kaɗan-kaɗan. Wani lokaci a cinna masa wuta, ya kwana uku yana ci. Wani lokaci a bar shi nan, gara ta yi biki.

Ni a ganina wannan asara ce babba. Gungumen icce mai ƙarfi dukiya ne. Ya kamata mu yanka shi, mu fid da katako, a garinmu, da hannunmu. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi katakon muhimmanci. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za mu zo kansa.

Abin da ya buɗe mini ido

Shekarun baya wani babban maɗaci ya faɗi kusa da rumfar da muke karatu. Tsofaffin gari sun ce tun suna yara suka gan shi da girmansa. Mutum biyu ba su iya zagaye shi da hannu. Muka yi masa abin da aka saba. Ni ma gidana an dafa tuwo da shi, ba zan ɓoye ba.

A wannan shekarar kuma muka bukaci ƙyaure don ɗakin da muke ajiye allo da littattafai. Muka yi karo-karo. Muka aika birni aka sayo katako, aka biya kuɗin mota, aka biya kafinta. Ranar da aka kafa ƙyauren, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya yana dubansa. Ya ce mini: "Malam, ashe mu mun ƙone katako, mun koma mun sayi katako."

Na ce: "Baba, ka faɗi gaskiya."

Ban sami abin da zan ƙara ba. Hausawa sun ce wanda ya ƙone rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Mu kuwa mun ƙone namu ba mu san inda za mu kai tokar ba.

Daga ina katakonmu yake zuwa?

Ka je wurin masu sayar da katako a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Ka tambaye su daga ina kayansu suke zuwa. Za su ce maka daga kudu: Najeriya, Benin, Gana, Kodibuwa. Ƙasarmu ba ta da manyan dazuzzukan katako irin nasu. Kowane katako sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilometir kafin ya iso hannun kafinta. Kuɗin mota, da kuɗin duwan, da ribar ɗan kasuwa, duk suna bisa kan mai saye. In aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2023, kayan da ke zuwa daga kudu sai su yi wuyar samu, su ƙara tsada.

Shi ya sa a ƙauye ɗalibai da yawa suke rubutu bisa gwiwa. Shi ya sa ɗakuna da yawa zana ce ƙyaurensu. Alhali kowace damana itatuwa suna faɗuwa. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya rushe gidaje, ya kayar da itatuwa. Akwai kuma waɗanda ake tumɓukewa in za a faɗaɗa hanya ko a yi gini. Ina suke tafiya? Mafi yawa cikin murhu.

Wane icce ne ya cancanci zarto?

Ba kowane icce ne yake ba da katako ba. Masassaƙan garinku sun fi ni sanin wannan. Ka je ka zauna da su. Ga kaɗan daga abin da na koya.

Maɗaci shi ne sarki. Cikinsa ja ne, yana da kyau, yana karɓar zarto, yana yin tebur da ƙyaure da gado.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ɗan'uwan maɗaci ne, danginsu ɗaya. Mun raina shi don ya yi yawa a garuruwanmu. Amma tsohon dogon yaro cikinsa ja-ja ne mai ƙarfi, kuma gara ba ta cika sonsa ba. Shi ne kuma ya fi faɗuwa cikin gari in an yi iska.

Ƙirya tana da taurin gaske. Ita ce ake yin turmi da taɓarya da ita, gawayinta maƙera suke biɗa. Tana daɗewa ko cikin ƙasa. Amma tana dakushe zarto, sai mai haƙuri.

Kanya da marke su ma suna da ƙarfi. Marke dai yana da saurin tsagewa in bai bushe a hankali ba. Haka turare: yana miƙewa sambal, amma katakonsa yana murɗewa, yana darewa.

Gawo kuwa iccensa ba shi da nauyi, ƙwari suna cinsa da wuri. Ya fi dacewa da akushi da kwamin shayar da dabbobi. Kuka ba ta katako sam, cikinta kamar soso yake. Giginya ba a yi mata yankan katako, tsaga ta ake yi a fid da azara, kamar yadda mutanen wajen Gaya suka saba.

Abu biyu za ka duba kafin ka ɓata ƙarfinka. Na farko, ka bugi gungumen da bayan gatari. In ya yi ƙara kamar ganga, cikinsa kogo ne. Na biyu, ka dubi inda ya karye. Za ka ga gefe fari, ciki kuma mai duhu. Farin gefen shi ƙwari suke ci. Mai duhun nan na ciki shi ne katakon kirki.

Mu yi lissafi

Tunda mun koyi lissafi, bari mu yi aiki da shi.

Ka ɗauki igiya ka zagaye gungumen ta wajen siririn bakinsa, bayan an ɓare ɓawo. Ka gwada igiyar da metir. Mu ce ka sami santimetir 125. In ka raba gida uku, ka rage kaɗan, za ka sami kaurin gungumen, wajen santimetir 40.

Gungume zagayayye ne, katako kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Sai an fara yanke gefe huɗu, gungumen ya koma mai kusurwa huɗu. Don ka san faɗin da zai rage, ka ninka 40 sau 7, ka raba da 10. Ka sami santimetir 28.

Muna son katako mai kaurin santimetir 3. Zarton hannu yana cin wajen milimetir 3 a kowane yanka. Ke nan za mu sami katako 8, kowane faɗinsa santimetir 28. In tsawon gungumen metir 2 ne, kowane katako metir 2 ke nan.

Me katako 8 za su yi? Uku in an jera su sun ba da faɗin santimetir 84, ƙyaure ke nan. Ɗaya a tsaga shi a yi masa maɗauri ta baya. Huɗun da suka rage su yi benci biyu, kowane benci ya ɗauki ɗalibai huɗu. Duk daga guntun gungume ɗaya wanda da a murhu zai ƙare.

Yanzu ranar kasuwa ka tambayi kuɗin katako ɗaya mai wannan girma. Ka ninka sau 8. Ka rubuta a littafinka. Sannan ka tambayi nawa za a sayi gungumen nan in an faskara shi iccen wuta. Ka gwada su biyun. Ba sai na faɗa maka kome ba, gani ya kori ji.

Yadda ake yankan

Kada a bar gungume ya daɗe a ƙasa. Yana shan laima, yana ruɓewa, gara tana shiga. A mirgina shi bisa duwatsu ko guntayen icce. A ɓare ɓawon, don ƙarƙashinsa ƙwari suke ɓuya, kuma yana riƙe rairayi mai kashe haƙoran zarto. Icce mai ɗanyantaka ya fi busasshe sauƙin yanka. Don haka gara a yi aikin cikin makonnin farko.

Iccen da ya girma cikin gari yakan ɓoye ƙusa da waya a cikinsa, waɗanda aka buga masa tun da daɗewa. A duba da kyau. Ƙusa ɗaya tana iya lalata zarto.

Kayan aikin ba su da yawa: babban zarto na mutum biyu, magagari na wasa shi, gatari, gizago, metir, da zare. Zarton da ake yanke icce a gicciye daban yake da wanda ake tsaga shi a tsawonsa. Haƙoransu ba iri ɗaya ba ne. In za ku saya, ku tafi da kafinta, ku ce masa na tsaga katako kuke so. Haƙoran kuma ana karkata su kaɗan, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada zarton ya maƙale.

Ana haƙa rami mai zurfin tsayin mutum, a gitta itatuwa biyu masu ƙarfi bisa bakinsa, a mirgina gungumen a kai. Inda ƙasa rairayi ce, rami yana iya ruftawa, sai a kafa gado mai ƙarfi a maimakonsa. A tokare gungumen ta kowane gefe don kada ya motsa.

Sai a ja layi. A jiƙa zare da ruwan garin gawayi, mutum biyu su ja shi ya miƙe bisa gungumen, a ɗaga tsakiyarsa a saki. Zai bar baƙin layi miƙaƙƙe. A yi haka sama da ƙasa. Mutum ɗaya ya hau bisa, ɗaya ya shiga rami. Na sama yana ɗaga zarto yana bin layi, na ƙasa yana ja. In an yi nisa, a fiƙe ɗan guntun icce a cusa cikin tsagar, don ta zauna a buɗe.

A tsakiyar kowane gungume akwai wata cibiya. Daga nan tsagewa take farawa. Katakon da cibiyar ta faɗo cikinsa, a raba shi biyu a fid da ita. Kuma a ƙara ƴan milimetir bisa kaurin da ake so, don katako yana raguwa in ya bushe.

Aikin nan da wuya, ba zan ruɗe ka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin gayya ne, ko na ƙungiya. Zarto ɗaya ya ishi gari guda, a ajiye shi wurin mutum ɗaya, a rubuta sunan duk wanda ya ara.

To, injin zarto fa? Yana da sauri, gaskiya ne. Amma yana cin wajen santimetir 1 a kowane yanka. Gungumen da ya ba mu katako 8, da inji 7 zai ba mu, ɗaya ya tafi a dusa. Yana shan mai. Kuma in ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, raunin ba ƙarami ba ne. Wanda bai koya ba kada ya taɓa shi.

A kiyaye rai

Iccen da ya faɗi bai gama faɗuwa ba. Reshen da ya danne yana iya miƙewa ya bugi mutum in an sare shi. Tushen da ya tumɓuke, in an raba shi da gungumen, yana iya komawa raminsa da ƙarfi. Kada yaro ya shiga ramin nan wasa. A duba kogo, ko da maciji ko zuma. Na cikin rami ya rufe hanci da baki da rawani, ya kare idonsa, don dusar maɗaci da ta dogon yaro tana sa tari da ƙaiƙayi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Busarwa ita ce rabin aiki

A nan ni na yi kuskure, kuma ina faɗa don kada ka maimaita. Bayan maganar dattijon nan, wani dogon yaro ya faɗi. Muka yi gayya muka yanka shi. Murna ta kama mu. Na ce a jingine katakon a bango, a rana, don ya bushe da wuri. Lokacin hunturu ne. Kafin wata guda, rabin katakon ya dare daga baki, sauran sun lanƙwashe kamar kwale-kwale. Wahalar kwana da kwanaki ta tafi a banza, kuma laifina ne.

Wani tsohon kafinta ya zo ya gani, ya yi dariya. Ya ce: "Malam, katako ba dawa ba ne da za ka shanya a rana." Shi ya koya mana yadda ake yi.

Ɗanyen icce cike yake da ruwa. In waje ya bushe da sauri alhali ciki yana jiƙe, sai ya tsage. Bakin katako kuma ya fi ko'ina saurin bushewa. Don haka da an yanka, a shafe bakin nan biyu da tsohon fenti ko kakin zuma.

A sami inuwa, ƙarƙashin rumfa, inda iska take ratsawa. A jera duwatsu ko birgi a ɗaga katakon kamar kamu ɗaya daga ƙasa, saboda gara da laima. Wurin ya zama daidai, ba tudu ba kwari. A shimfiɗa katako, a gitta busassun sanduna sirara masu kauri ɗaya, tsakanin kowace da kowace wajen santimetir 50. A ɗora wani katako, a sake gitta sanduna, kowace daidai bisa ta ƙasanta. Haka har a gama. A ɗora duwatsu masu nauyi a sama. In hunturu ya yi ƙarfi, a kare gefen da iska take bugowa da zana. Kowane sati a leƙa ƙasa a ga ko gara ta fara gini.

Kwana nawa zai yi? A ƙasashe masu sanyi da laima ana lissafa shekara guda ga katako mai kaurin santimetir biyu da rabi. Ƙasarmu busassa ce, ya fi haka sauri, amma duk da haka maganar watanni ce. Ga dabarar ganewa. Ka zaɓi katako ɗaya, ka rubuta kwanan wata a jikinsa. Ka auna nauyinsa da sikeli, ka rubuta a littafi. Bayan sati biyu ka sake aunawa. Za ka ga nauyin yana raguwa. Ranar da ka auna sau uku a jere ka sami abu ɗaya, katako ya bushe. Ka ga amfanin karatu ke nan. Wanda zai yi ƙyauren ɗakin amarya da kaka, tun bara ya kamata ya yanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa ba haka ba

Na sha yin wannan magana a aji, kuma ba kowa ya yarda da ni ba. Ya kamata ka ji nasu.

Wata ɗalibata ta ce: "Malam, ku maza kuna maganar benci, mu muna maganar tuwon dare. In kun ɗauke iccen, da me za mu dafa?" Maganarta gaskiya ce. Ita ce take tafiyar nesa biɗar makamashi, ba ni ba. Amsata ita ce: rassa duka na mata ne. Gefe huɗun da aka yanke, da ɓawo, da tushe, da dusa, duk na murhu ne. In ka haɗa su, sau da yawa sun fi katakon yawa. Abin da zarto zai ɗauka shi ne gungumen da dama gatarin mace ba ya iya fasawa. Kuma in an sayar da katako, a fid da rabon mata, su sayi murhu mai tsimin icce, irin su Mai Sauƙi, ko a gina musu Albarka. In ba a yi wannan adalci ba, to ita ce da gaskiya, ba ni ba.

Wani masassaƙi ya ce za mu kashe masa sana'a. Ban ga haka ba. Turmi guntun icce yake so, gajere mai kauri. Katako dogo miƙaƙƙe yake so. A fara kiransa ya zaɓi nasa. Shi ne ma ya fi cancanta ya riƙe zarton gari.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ita ce ta hana ni barci. Wani ya ce: "Ranar da mutane suka gane gungume kuɗi ne, ba za su jira iska ba." Wannan haka yake. Duk mun san dabarun. Mutum ya zagaye gindin icce da gatari ya ɓare ɓawo, ya tafi. Ko ya tara kara a gindinsa ya sa wuta, ya ce sharar gona yake. Baɗi icce ya bushe, ya ce Allah ne ya kashe shi. Zarton da ya ɗanɗana mataccen icce yana iya kwaɗayin mai rai.

Mu tuna inda muka fito

Manyanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Sun ga gonaki fayau babu icce, iska tana binne shuka da rairayi, ana shuka sau uku sau huɗu. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a fadamar Majiya, wajen Buza, don su tare iska. A wannan shekarar kuma aka mai da 3 ga watan Agusta ranar dashen itatuwa. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada.

Tun 1983 wani ɗan ƙasar Ostiraliya, Toni Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi bisa abin da muke kira sassaben zamani: in kututture ya yi toho, kada a share shi duka, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a gyara su. Manoma suka ɗauka, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo bisa eka-eka na gonaki da suka kai hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wannan aikin iyayenmu ne da namu. Ba za mu sayar da shi don benci ba.

Ka kwatanta da kanka. Maɗaci mai rai yana ba da inuwa shekara da shekaru, ɓawonsa magani ne, ganyensa abincin dabba ne. Gawo mai rai yana kakkaɓe ganye da damana, hatsi ya yi kyau ƙarƙashinsa, da rani ƴaƴansa su ciyar da awaki. Katako 8 sau ɗaya ake samunsu. Mai sare icce mai rai don katako, kamar mai yanka saniyar tatsa ne don ya sami fata.

Takarda kafin zarto

Ga sharaɗin da na ce za mu zo kansa. Kada zarto ya taɓa gungume sai an yi abu uku.

Na ɗaya, shaidu. Maigari da mutum biyu ko uku, har da mace, su je su gani da idonsu. Su dubi gindin. Iska ce ta kayar da shi, ko akwai sawun gatari da toka? In da hannun mutum, wanda ya yi ba shi da rabo, kuma a kai maganarsa gaba.

Na biyu, mai shi. Kowane icce yana da mai shi: mai gona, ko mai gida, ko gari, ko gwamnati. Na bakin hanya da na filin makaranta ba na wanda ya riga zuwa ba ne. A daidaita rabo tun kafin a fara, don katako kada ya raba zumunci.

Na uku, hukuma. Dokar daji ta ƙasarmu, mai lamba 2004-040 ta watan Yuni 2004, ta bar wa mutanen karkara damar ɗibar busasshen icce don bukatar gida. Amma sayarwa da ɗauka zuwa birni sai da izni. Akwai kuma itatuwan da hukuma ta ba kariya ta musamman, irin su gawo, maɗaci, giginya, tsamiya da kuka. A 2020 an fid da wata doka bisa sassaben zamani, wadda ta ƙarfafa hakkin manomi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa. Don haka ka je wurin ma'aikacin gandun daji na yankinku tun gungumen yana kwance inda ya faɗi. Ka ce ya zo ya gani. In akwai abin biya, ka biya, ka karɓi takarda mai hatimi. Ka karanta ta da kanka: sunan iccen, wurin, kwanan wata, da kuɗin da ka bayar. Da can sai dai a karanta maka. Yanzu kai ma ka iya.

Ni kuma na ƙara na huɗu, wanda ba hukuma ta sa ba. Duk wanda ya ci amfanin gungume ɗaya, ya raini itatuwa biyar a madadinsa, ko dashe ko toho, ya kare su daga awaki har su fi ƙarfin baki. Maɗacin da muka ƙone, wani ne ya dasa shi, bai kuma zauna inuwarsa da girmanta ba.

A buɗe littafi ɗaya a gari. A rubuta kowane icce da ya faɗi, da ranar, da shaidu, da yawan katakon da aka samu, da inda aka kai su. Ku ɗaliban karatun manya, wannan aikinku ne. Garin da ba zai iya riƙe wannan littafi da gaskiya ba, ni shawarata kada ya sayi zarto tukuna.

Yanzu a ajinmu akwai benci biyu na dogon yaro, daga yanka na biyu da muka yi, wanda muka busar a inuwa. Ba su da kyau kamar na birni, akwai sawun zarto a jikinsu. Dattijon nan shi yake zama a bakin na gaba, kusa da allo.

Damana tana tafe, iska za ta sake kayar da wani. In ka gan shi kwance, kada ka fara da gatari. Ka kira maigari, ka ɗauko igiya da metir da littafinka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana itatuwanmu. Amin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne itatuwa suka faɗi a garinku bara? Me aka yi da gumagumansu?
2. Gungume yana da kaurin santimetir 50. In an yanke gefe huɗu, faɗin nawa zai rage?
3. Don me ba a shanya katako a rana?
4. Yaya za a gane iccen da iska ta kayar da wanda mutum ya kashe?
5. Ta yaya za a raba amfanin gungume don kada a zalunci mata?